Wasiƙar Goggo Hawwa a Kwandon Shara

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kuna ƙanana, wai ni ne na jefa wasiƙar Goggo Hawwa a shara. Uwarku Balki ce ta fara yaɗa ta, kuma har yau in an taru ranar sallah sai ta sake tayar da ita, ku kuma ku yi ta ƙyaƙyata dariya kamar ba ni na koya muku riƙe alƙalami ba. Na yi shiru shekara da shekaru. Yanzu da na ajiye alli, gwiwoyi kuma suka ce in zauna wuri ɗaya, bari in rubuta muku yadda abin ya faru. Ba wanke kaina zan yi ba. Akwai laifina a ciki, amma ba irin wanda kuke zato ba ne.

Manyanku sun san Baffa Sale, wan mahaifina, ƙananan kuwa sai dai hotonsa da ke rataye a ɗakin baƙi. Yana ɗan shekara tara iyayensa suka taso da shi daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, a ƙafa, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a nan Jazira ta ƙasar Sudan, suka tsaya tsinkar auduga don su tara na ci gaba, tsayawar da ta zama zama. Aka ba kakanmu hawasha, wato gonar da ake ba manomi a bakin ruwan ban-ruwa, aka haifi mahaifina a nan, mu ma aka haife mu. Amma akwai wadda aka bari a baya. Ranar tashi ƙanwar Baffa, Hawwa, tana kwance da ƙyanda, sai aka bar ta hannun kakarta. Fiye da shekara saba'in babu wanda ya ji ko tana raye. Baffa ba ya yawan zancenta, sai dai duk yarinyar da aka haifa a zuriyar nan aka ba shi zaɓen suna, Hawwa zai ce. Abin da ya sa kuke da Hawwa Babba da Hawwa Ƙarama da Hawwa ta Abu Hujar ke nan.

Ni kuwa malamin firamare ne, kuma tun ina saurayi ni ke rubuta wa mutanen ƙauyenmu wasiƙa, in ta zo kuma ni ke karantawa. Da samarinmu suka watsu neman abinci, wasu Libiya, wasu Jidda, wasu Khartum, gidan waya ya gaza mana. Wasiƙa sai ta yi wata uku a hanya, ta iso da labarin ciki bayan an riga an yi suna. A wannan lokacin wani Balarabe mai fara'a, Babikir, ya buɗe shagon intanet a bayan kasuwar Sinnar, kwamfuta biyar da fanka ɗaya mai kuka. Shi ya buɗe mini akwatin imel, ya ce kyauta ne. Da na kawo wa Baffa labari sai ya ɗaga gira.

"Kyauta? To shi mai akwatin mi shika ci?"

Na ce ban sani ba. Ya ce mutumin da ke yi maka hidima kullum bai gaya maka abin da yake ci ba, ka riƙa duba tukunyarka. Duk da haka ya yarda. Kuma da yake mu ba mu saba kowa da nasa ba, adireshi ɗaya muka buɗe wa ƙauyen gaba ɗaya. Na rubuta shi da fenti a bangon kantin Alhaji Mamman, duk mai tafiya kuma sai an cusa masa takardarsa a aljihu. Kowace Alhamis in hau boksi, wato a-kori-kurar haya, zuwa Sinnar, in buga wasiƙun a takarda, in dawo bayan la'asar in zauna ƙarƙashin rumfar Baffa, ana zuba jabana, gahawar mutanen nan, in karanta wa kowa tasa a gaban kowa. Babu sirri. In ɗan wani ya rubuto yana son aure, kafin magariba tsofaffi sun zaɓa masa mata uku.

A shekarar da nake ba ku labari Alhaji Mamman ya tafi aikin hajji. A Mina ya haɗu da wani dattijo mai tsage irin na fuskar Baffa sak. Suka zauna hira, ashe mutumin ya san ƙauyen kakanninmu, har ya ce akwai wata tsohuwa a can da ake kira Hawwa ɗiyar masu gabas. Alhaji ya ba shi takardar adireshinmu, ya roƙe shi don Allah ya sa a rubuto. Ranar da ya dawo ya faɗi wannan, Baffa ya tashi ya shiga ɗaki. Daga ranar, duk Alhamis kafin in sauke jaka sai ya tambaye ni.

"Idi, akwai ta yamma?"

In ce babu, ya ce to, Allah shi kawo.

Ta yamma ba ta zo ba, amma wasu sun zo. Tun kafin hajjin nan akwatinmu ya fara samun baƙin da ba mu gayyata ba. Ta farko daga wata mata ce, da Turanci, tana cewa mijinta babban mutum ne ya rasu ya bar dukiya mai yawa, ba ta da wanda za ta amince wa sai mu. Da ɗan Turancin da nake da shi na fassara a rumfa, don ni ma ban san irin abin ba. Mata suka yi ta salati. Na ce wa Baffa ina ganin kuskuren adireshi ne, a bar ta. Ya dube ni kamar na zagi wani.

"Mutum ya yi maka sallama ka ƙi amsawa? Wa yak koya maka wanga? Ɗauki alƙalami."

Ya yi mini shifta. Muka yi wa matar ta'aziyya mai tsawo, muka roƙa wa mamacin gafara, muka ba ta shawara ta raba gadon yadda shari'a ta ce, in akwai saura ta haƙa rijiya. Mako na gaba sai ga wani yana taya mu murna wai mun ci caca. Baffa ya ce a gode masa, a gaya masa cikin ladabi cewa mu ba mu caca, ya ba na biye da mu. Sai mai agoguna, aka ce masa muna da ladan. Sai wani mai tallan maganin ƙarfin maza, wanda na so in tsallake, amma Inna Kulu, matar Baffa, ta ga na ninke takarda ta ce sai na karanta. Na karanta ina gumi. Baffa ya gyara zama.

"Ka ce mai mun gode da kulawa. Ka ce mai ɗiyana goma sha huɗu."

Inna Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ranar har jabanar sai da ta zube.

Abin dariya ne a rumfa, amma a Sinnar ni ke shan wahalarsa. Duk wanda muka amsa wa sai ya dawo da 'yan'uwansa. Baƙi biyar suka zama hamsin, hamsin suka wuce ƙirga. Zawarawa masu dukiya suka yi mana yawa har Inna Kulu ta ce ko annoba ce ta faɗa wa manyan mutane a can. Ina zama gaban kwamfuta tun hantsi har azahar ta wuce, ina tono wasiƙar ɗan wane daga cikin tarkace, ina buga amsoshin Baffa da yatsa biyu, bayana na ciwo, abincin rana ya wuce ni. Wata Alhamis Babikir ya leƙo ta kafaɗata ya ga abin da nake rubutawa, sai ya riƙe ciki.

"Ya Ustaz, amsa musu kake yi? Wallahi ba mutane ba ne, inji ne ke watsa su. Duk wanda ka amsa, ka gaya masa akwai mai rai a gidan nan. Khalas, ka daina!"

Ya nuna mini wani maɓalli. Ya ce akwatin yana da mataci, kamar rariya. In na danna wa wasiƙa maɓallin nan, za ta faɗa kwandon shara, matacin kuma zai koyi kamanninta, gobe in irinta ta zo shi da kansa zai tare ta. Ya ƙara da cewa in riƙa leƙa kwandon lokaci-lokaci, don matacin yakan yi kuskure, kuma abin da ya yi wata guda a ciki share kansa yake yi. Wannan jan kunnen na ji shi da kunnena. Na rubuta shi a nan don kada wani cikinku ya ɗora wa Babikir.

Ranar na danna maɓallin nan har yatsana ya gaji, kuma ba zan ɓoye muku ba, da daɗi na danna. Duk wadda ta fara da ɗan'uwa abin ƙauna, shara. Duk wadda ta ambaci marigayi da gado, shara. Duk wadda ta ce daga Nijeriya take tana neman dangi amintacce, shara. Cikin mako uku akwatinmu ya yi fes. Ina gama aiki cikin rabin sa'a, in shiga kasuwa in ci kifi, in sha shayi, in dawo gida da sauran ƙarfina. Kwandon kuwa ban ƙara waiwayarsa ba. Da Baffa ya tambayi ina mutanen nan masu gaishe mu, sai na ce sun daina rubutowa. A nan laifina yake. Na san in na faɗi gaskiya zai ce a cire matacin, ni kuma na ɗanɗana hutu.

Uwarku kaɗai na gaya wa, tana toya kisra, wainar dawa mai faɗi ta mutanen nan. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka sa ma ƙofar Baffa mai gadi ba da saninai ba. Shi mai gadin ya san Goggo Hawwa?"

Na ce mata inji ne, ya fi ni da ita wayo. Ta ce to, ta juya kisrarta.

Damina ta shiga, aka yi shuka, auduga ta tashi, azumi ya zo ya wuce. Kowace Alhamis tambayar nan, kowace Alhamis babu. Na lura Baffa ya fara rama, ya daina zama har a gama karatun wasiƙu. Bayan ƙaramar sallah da mako biyu, ina shirin hawa boksi sai na gan shi tsaye a bakin hanya cikin farar jallabiya da rawani, da sandarsa. Ya ce yau da shi za a je, yana son ya ga akwatin nan da idonsa. Na kawo uzurin rana, na kawo na ƙura, na kawo na gwiwarsa. Ya riga ni shiga gaban mota.

A shagon, Babikir ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya aika aka kawo shayi. Baffa ya zauna yana kallon kwamfutar, ya leƙa bayanta, ya tambaya ta ina takardun ke shiga. Sannan ya juya ga Babikir da Larabcinsa na tsofaffi ya ce akwai abin da ke damunsa. Wasu bayin Allah sun saba gaishe mu, rana ɗaya suka ɗauke ƙafa, yana tsoron ko wata kalma ce a amsoshinmu ta ɓata musu rai. Ina ta yi wa Babikir ido, shi kuwa ko a jikinsa.

"La la, ya Hajj, suna nan lafiya! Ustaz ya zuba su a shara. Ga su."

Ya danna. Allon ya cika. Ban taɓa jin fankar nan ta yi ƙara irin ta ranar ba. Baffa bai dube ni ba, ya sa Babikir ya bayyana masa yadda matacin ke aiki, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya yi magana a hankali, da Hausa, don ni.

"Shekara talatin masinja na kawo muna takarda bisa jaki. Bai taɓa buɗe ta hanya ba yac ce wagga ta isa, wagga ba ta isa ba. Ta mai kuɗi da ta talaka jaka guda. Kai kuma ka samo wanda ka zaɓe muna baƙi. Karanta, Idi. Dukansu."

Na fara karantawa daga sama. Mai agogo. Mai caca. Bazawara. Wani mai agogon. Ɗaliban da ke sauran kwamfutocin suka bar abin da suke yi suka juyo suna kallon tsoho yana amsa wa kowace wasiƙa da madalla. Na kai wajen ta arba'in, murya ta fara dushewa, sai na buɗe wata da aka rubuta da manyan haruffa tun daga sama har ƙasa. Ta fara da ɗan'uwa abin ƙauna. Ta ce daga Nijeriya take. Ta ambaci marigayi, ta ambaci gadon gona. Har na kai hannu zan wuce, sai idona ya faɗa kan sunan marigayin. Sunan kakanmu ne, da na ubansa, da laƙabin da ba wanda ya sani sai 'yan gida.

Malam Garba ne ya rubuto, babban ɗan Goggo Hawwa. Shi ma shagon intanet ya je a Sakkwato, mai shagon ya ce masa tunda wata ƙasa za ta, sai a yi ta da Turancin ofis. Zancen gadon kuwa gonar kakanmu ce, wadda suka ce suna nomawa amana, rabon Baffa na nan. Matacin bai yi ƙarya ba, abin da na koya masa ya bi. Na fassara wa Baffa layi-layi. Hawwa na raye. 'Ya'yanta bakwai, jikoki ba a magana. Idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Baffa ya ɗora goshinsa a kan sandarsa, ya daɗe a haka.

Da ma a nan wasiƙar ta tsaya. Sakin layi na ƙarshe ya ce wannan ce ta uku da suka aiko. A biyun farko sun sanar da mu cewa 'ya'yanta za su kai ta umara cikin azumi, in Baffa zai iya tsallaka teku daga Bur Sudan, sai su haɗu a Makka. Sun je. Ta yi kwana goma sha biyu, kullum tana sa a zaunar da ita inda mutanen Sudan ke wucewa, tana sa a tambaye su. Sun dawo gida. Likita ya ce ba za ta ƙara doguwar tafiya ba.

Na so in tsallake wannan ma. Ban tsallake ba, kuma wannan kaɗai nake iya yaba wa kaina a ranar. Na karanta shi duka, sannan na durƙusa a gaban Baffa a tsakiyar shagon mutane, ina malamin makaranta mai furfura a gemu, na ce ya yafe mini. Kunya da baƙin ciki irin na ranar ban ƙara jin su ba. Baffa da Goggo Hawwa ba su ƙara ganin juna ba har suka koma ga Allah, kuma hutun Alhamis ɗina ne ya jawo. Ku riƙe wannan yadda na faɗe shi.

Baffa ya bar ni a durƙushe har sai da ya shanye shayinsa. Sannan ya taɓa ni da sanda.

"Tashi, kana tare ma mutane hanya. Na yahe. Amma daga yau kowace Alhamis sharar ga za ka fara karanta min, kahin ta kirki."

Haka kuwa aka yi shekara huɗu. Sai dai ya yarda, bayan Babikir ya rantse masa cewa inji ne, a daina amsa wa masu agogo. Zawarawan ne bai taɓa yarda cewa dukansu inji ne ba, yakan ce a dai yi musu addu'a ko da wata a cikinsu ta gaske ce.

A ƙasan wasiƙar akwai lambar waya. Babikir ya ce a kira nan take, Baffa ya ce a'a, ba zai gaisa da ƙanwarsa a kasuwa ba. Washegari Juma'a, bayan an sauko masallaci, aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, ƙauyen duka ya hallara, Hawwa uku suna gaba. Alhaji Mamman ya kawo wayarsa ta hannu, aka hau kan angare, gadon igiya, ana neman inda take kamawa, aka samu a kusurwar da ke kallon gonaki, sai aka matsar da kujerar Baffa can. Na buga lambar. Malam Garba ya ɗauka, aka yi gaisuwa, ya ce ga ta. Na buɗe muryar don kowa ya ji, na riƙe wa Baffa wayar kusa da baki.

Mutumin da ya yi wa bazawara shiftar shafi biyu ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Muna jin numfashinta, muna jin akuya na kuka a can gidan nasu. Inna Kulu ta zungure shi. Sai wata siririyar murya ta taso, irin Hausar da rabonmu da ji tun rasuwar kakarmu, babu kalmar Larabci ko ɗaya a ciki.

"Sale? Kai na?"

"Ni na, Hawwa."

"Kun daɗe."

Baffa ya share fuska da gefen rawaninsa, ya matso da bakinsa.

"Hanyar ta da nisa," ya ce. "Ƙyandar ta warke?"